Idan mezuza ta faɗi a gidan da kake aiki

Na daɗe ina fenti a gidajen Yahudawa a unguwar Borough Park ta Brooklyn, cikin birnin New York, kuma kusan duk yaron da aka haɗa ni da shi sai ya so maimaita ɓarnar da na yi a farkon zuwana. Ɗan siririn kwanson nan da ke manne a hannun dama na firam ɗin ƙofa idan za ka shiga, sunansa mezuza. A cikinsa akwai fata nannaɗe, rubutun hannu layi 22, ayoyin Attaura daga Kubawar Shari'a 6:4-9 da 11:13-21. Da ka fara kankare tsohon fenti, ba wuya ƙusarta ta saki.

Haka tawa ta faɗi. Kwanson ya buɗe, fatar ta gangara cikin ƙura. Ni kuma sarkin tsabta na warware ta, na ɗauko tsumma mai danshi na goge, har ina jin daɗi na kyauta wa mai gida. Tawadar ta bi tsumman. Da aka kai wa sofer, wato marubucin da ya ƙware a wannan aiki, ya duba ya ce ta tashi aiki. Na ce a sake rubuta harafin da ya goge mana, abin minti ɗaya! Ashe a shari'arsu haruffan mezuza dole su zo bi da bi yadda suke a jere. Wanda ya ɓace a tsakiya ba a komawa a cusa shi bayan an riga an rubuta na gabansa. Haruffa 713, ɗaya ya kashe sauran. Mai gidan bai ɗaga mini murya ba, ni na ce a cire kuɗin sabuwa daga ladana. Makon nan aikin banza na yi.

Don haka idan ta faɗi, ɗauke ta nan take, kada ta kwana a ƙasa ana tsallakawa. Kada ka warware, kada ka goge, kada ruwa ya kusance ta. Ni ambulan mai tsabta nake yawo da shi a jakar aiki: in saka ta, in rubuta ƙofar da ta fito a bayansa, in ɗora a saman shelf, in kira mai gida.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin rawar kai ce kawai. Yaro ya ga ta faɗi, ya ji tsoron faɗa, ya ɗauki guduma ya mayar shiru. Kai wa ya aike ka? Kafa mezuza ibada ce a wurinsu, kuma malamansu da yawa na ganin Bayahude ne ya kamata ya kafa. Idan ta faɗo gaba ɗaya, da dama na cewa a sake karanta addu'ar kafawa. Idan tana reto a ƙusa ɗaya, gyara ne kawai ba addu'a. Wannan tsakanin mai gida ne da malaminsa. Na taɓa samun wani ya mayar da ita kai ƙasa, ƙusar kuma ta huda gefen fatar. Bai ma san tana da wurin zama ba: kashi na uku na saman firam, kuma a gidajen Ashkenazawa, wato Yahudawan da asalinsu daga tsakiya da gabashin Turai ne, a karkace take, kanta na kallon cikin ɗaki.

Daga faɗuwar rana Juma'a har duhu ya shiga ranar Asabar lokacin hutun ibadarsu ne, ba a kafa ta, ko da kai ba Bayahude ba ne kada ka yi musu gwaninta. A ajiye sai Asabar ta fita.

Kada ka shafe kwanson da fenti. Wadda ta lalace ba a jefa ta a shara, akwai ma'ajiya da suke kira geniza, daga nan a binne. Kada ka ce mata laya a gabansu, wasu ba sa so. In ka cire da yawa lokaci guda, kowace ta koma ƙofarta, shi ya sa nake rubutu a bayan ambulan.