Dokar "Kar Ki Faɗa wa Mama"

'Yar uwa, ga wata dabarar kare yara daga masu lalata da su, da ba ta cin ko kwabo.

Ki kafa doka a gidanki: duk babban da ya ce wa yaro "kar ka faɗa wa Mama", to wannan maganar za a fara kawo miki. Ko da a kan alawa ce.

Mai lalata da yara ba kasafai yake zama baƙo ba. Yawanci na gida ne: maƙwabci, mai shagon layi, ɗan uwa, wani lokacin ma malami. Kuma gwaji yake fara yi. Ya ba yarinya biskit, ya ce sirrinsu ne, ya zuba ido. In ya ji shiru sai ya ƙara: ya kira ta ɗaki, ya ɗora ta a cinya, wai wasa. Da ya ga tana kai rahoto, yakan ja da baya.

Kar ki ce naki namiji ne, su ma ana yi musu.

Inda dabarar ke rushewa: yaro ya zo ya faɗa, ki hau shi da "wa ya ce ka karɓa?" Shi ke nan, ba zai ƙara ba. Ki danne zuciya, ki ce ya kyauta.

Wanda aka riga aka tsorata kuwa ba zai buɗe baki ba. Sai ki lura in ya fara gudun wani mutum, ko fitsarin kwance ya dawo.

In abin ya faru, asibiti kafin awa 72, lokacin da maganin kariya daga HIV yake aiki.