Kurakuran masu zuwa hutun bakin teku da karaban da kare a Birtaniya

Daga watan Mayu zuwa Satumba hanyoyin Cornwall da Norfolk da Wales, yankuna masu bakin teku a Birtaniya, kan cika da motoci masu jan karaban, wato ɗakin tafi-da-gidanka mai tayoyi, da gado da murhu da banɗaki a ciki. Da yawa suna ɗauke da karnukansu. Kowace shekara kurakuran kusan iri ɗaya ne, kuma masu kisa a cikinsu biyu ne: zafi da ruwan teku.

Tun kafin a tashi ake fara kuskure, wurin loda kaya. Mutum zai jibge buhun abincin kare mai kilo 15 da jarkokin ruwa da rumfa a can ƙarshen karaban, don nan ne ya ga fili. Da ya kama gudu sai karaban ya fara lilo hagu da dama yana jan motar. Kaya masu nauyi a ƙasa ake ajiye su, daidai saman tayoyi. Nauyin da ke danna ƙugiyar ja ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban da kayansa, muddin bai wuce abin da kamfanin motar ya ƙayyade ba. Sabon direba kuma kada ya ja karaban da nauyinsa ya haura kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar. Idan lilon ya fara, kada a taka birki da ƙarfi. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe har ya lafa. Dokar gudu ga mai jan karaban mil 50 ne a awa a hanya mai falle ɗaya, mil 60 a tagwayen hanyoyi. A duba shekarun tayoyi ma: ko da zanensu bai cinye ba, tsayuwa wuri ɗaya da rana suna tsattsaga su, shi ya sa ake so a canza su bayan shekara 5.

Wasu kuma sai su bar kare a cikin karaban ana tafiya, wai ya fi sakewa. Babu mai ganinsa, babu iska, kuma birki ɗaya zai buga shi da bango. Wurinsa cikin mota ne. Doka ta 57 a kundin dokokin hanya na Birtaniya ta ce a tsare shi da ɗamara ta musamman ko keji ko shinge. A tsaya duk bayan awa biyu ya sha ruwa ya zaga, kuma kada a cika masa ciki dab da tashi, amai zai yi.

To, zafi. Mutane suna raina ranar Ingila, musamman wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Amma ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA tana gargaɗin cewa idan zafin waje ya kai digiri 22, cikin mota na iya kaiwa 47 cikin awa ɗaya. Karaban ma akwati ne mai tagogi, haka yake ɗaukar zafi. Buɗe taga kaɗan ba ya hana komai, inuwar da aka bari da ƙarfe goma kuwa ta gusa kafin azahar. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi to hakin bai da amfani. Masu guntun hanci da tsofaffi da masu ƙiba su ne suka fi saurin faɗuwa. Alamun zafi ya bugi kare su ne haki mai tsanani, dalalar miyau, tangaɗi, amai. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a sure shi a ruga asibiti yana a zafe, ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, wanda ke ƙara riƙe zafin. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita, sannan a nufi likitan dabbobi. Lambar likitan da ya fi kusa da sansanin a nemo ta tun ranar isowa. Yashi ma yana ƙona tafin ƙafa: a ɗora bayan hannu na daƙiƙa biyar, idan ba a jure ba, shi ma ba zai jure ba.

Ruwan teku yana cutarwa ta hanya biyu. Karen da ke bin ƙwallo cikin ruwa yana haɗiyar gishiri ba tare da an lura ba, sai zawo da amai, in ya yi yawa har farfaɗiya. Ƙwallon da ta jiƙe kuma tana kwasar yashi, yashin ya taru ya toshe hanji. Kare yakan buƙaci wajen mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, don haka mai kilo 20 yana buƙatar lita ɗaya ko sama da haka kaɗan, ranar guje-guje ya fi haka. A riƙa ba shi ruwan daɗi duk bayan minti 15 ko 20, in ya ƙoshi ba zai nemi na teku ba. Dunƙulen farin abu mai kama da kakin zuma da igiyar ruwa ke watsowa gaɓa, daskararren mai ne, kada a bari ya lasa. Da an dawo a ɗauraye shi, har tsakanin yatsu da cikin kunne.

Hanya ta biyu ita ce cikowar teku. Ruwa yana cika ya janye kusan sau biyu a rana, kuma lokacin yana gusawa da kamar minti 50 kowace rana, don haka jadawalin jiya ba ya aiki yau. A wurare masu shimfiɗaɗɗen yashi irin Morecambe ruwan kan zagayo ta bayan mutum ya datse masa hanya. Idan ruwa ya ja kare, ko ya zame daga kan dutse, kada a bi shi. Masu aikin ceto na RNLI sun sha faɗa: sau da yawa kare yana fitowa da kansa, mai shi ne ke halaka. A koma inda zai iya fitowa a kira shi, a buga 999 a nemi masu gadin gaɓar teku.

Sai tara. Ba kowane bakin teku ne ke karɓar kare ba. Ƙananan hukumomi da dama suna hanawa daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba. A yawancin wuraren da aka taƙaita a Cornwall, hanin na Yuli da Agusta ne, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma. Tarar nan take tana kaiwa fam 100, haka ma ga wanda bai kwashe kashin karensa ba. Dole kare ya kasance da abin wuya mai sunan mai shi da adireshi, kuma tun Afrilun 2016 wajibi ne a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Abin da ake mantawa shi ne sabunta lambar wayar da ke rijistar.

A sansani ana son kare a ɗaure, galibi da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba, kuma wasu sansanonin suna ƙayyade yawan karnuka, sai a tambaya kafin a biya kuɗi. A cikin karaban kada a shimfiɗa masa gado a kan 'yan ramukan iska da ke ƙasa, ta nan iskar gas ke fita idan ta yoyo. Mai yin sallah a ciki, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ware wa kare keji da kwanonsa a rumfar da ake haɗawa a gefen karaban, amma a zuge tagoginta da rana, don ita ma tana ɗaukar zafi.