Borin jini da kalsiyom: abin da ya kamata kayi in jiki ya tashi da ƙaiƙayi

Jama'a akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana nan Damagaram, da zarar jikin mutum ya tashi da borin jini, fata tayi ruɗu-ruɗu yana susa kamar zai yage kansa, sai kaji ance a sayo mishi kalsiyom, wannan babbar ƙwayar da ake jefawa cikin ruwa tana tafasa tana kumfa, ko kuma a kira wani yazo gida yayi mishi allurar kalsiyom a jijiya. Daga Birni har Zango har Garin Malam maganar ɗaya ce, kuma masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗi, haka suka taras anayi. Toh amma gaskiya kalsiyom baya maganin borin jini ko wani alerji, wato rashin jituwar jiki da wani abu, kuma abin da ya fi damuna shine lokacin da ake ɓatawa wajen nemansa, don wani alerjin minti kaɗan yake ba mutum.

Al'adar ma ba mu muka ƙirƙiro ta ba, daga Turai ta zo. Fiye da shekara 100 da suka wuce likitocin can suna bada kalsiyom ma masu borin jini saboda ƙwayar alerji irin ta yanzu sai a 1942 aka fara amfani da ita ga mutane a Faransa. Har gobe a ƙasar Polan mutane suna shan kalsiyom don alerji, shi yasa likitoci a birnin Warso suka gwada abin, sakamakon ya fito a 2017. Mutum 40 masu alerji aka ɗauka, wasu aka basu kalsiyom miligiram 1000 sau 3 a yini har kwana 3, wasu aka basu ƙwayar da ba magani cikinta, sannan aka gwada fatarsu. Kumburin da ƙaiƙayin duk ɗaya, ba bambanci.

In ka san yadda abin yake a jiki ba zaka yi mamaki ba. Alerji jiki ne yake ɗaukar abin da ba cuta ba a matsayin abokin gaba, gujiya ko ƙwai ko kifi ko ƙura ko wani magani, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanci su saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini ruwa ya fito fata ta kumbura, shi ke kawo susa da atishawa. Kalsiyom ba ruwansa da tare histamin. Kuma jiki yana riƙe kalsiyom na cikin jini a ma'auni guda, kusan kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙora, wanda ka sha ya wuce buƙata fita yake. Masu cewa ai ni na sha na warke, ban ƙaryata su ba, amma kowane tabo na borin jini dama baya wuce awa 24 yake ɓacewa da kansa, wani ma awa 2 ko 3, sai kalsiyom ya kwashe ladan. Ɗumin nan da mutum yake ji ya ratsa jikinsa in an yi mishi allurar a jijiya shima ba warkewa bace, haka allurar take sawa kowa yaji ko lafiyarsa lau.

Toh me za'ayi. Kafin komai dubi mutumin da kyau, fuskarsa da numfashinsa. In leɓe ko harshe ko ido ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi yana fita da ƙyar ko yana shewa, ko yana jiri yana amai zai faɗi, musamman jim kaɗan bayan yaci wani abu, ko an mishi allura, ko zuma ko rina ta harbe shi, dan Allah kar a tsaya jiƙa komai. A tare adaidaita a kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa ko babban asibiti yanzu-yanzu. Maganin wannan allurar adirenalin ce a naman cinya, ita ke ceton rai da izinin Allah, ƙwayar alerji ma bata isa ba balle kalsiyom. A hanya a kwantar dashi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne matsalar a bar shi zaune, kar a sa shi tsayuwa ko tafiya da ƙafa. Da kun isa ku faɗa ma majo ko lokotoro abin da yaci da lokacin da abin ya fara.

In kuwa fata ce kawai, numfashi lafiya, je farmasi ka nemi maganin da ke tare histamin. Setirizin miligiram 10 sau ɗaya a yini ga babba, ko loratadin shima 10 sau ɗaya a yini. Akwai tsofaffin irin su Polaramine, suna aiki amma suna sa barci sosai, ɗan kabu-kabu ko direba ko mai aiki da inji ya kiyaye, setirizin ma wasu yana sa musu gyangyaɗi don haka ka fara shansa da dare. Yaro ba'a raba mishi ƙwayar manya da ka, akwai siro, a faɗi shekarunsa da nauyinsa a farmasi su auna. Mai ciki da mai shayarwa su tambaya tukuna. Kuma a saya a farmasi, ba a tiren da ya yini cikin rana a bakin Kasuwar Dole ba, zafin garin nan kaɗai ya isa ya lalata magani. A haɗa da tsumma mai sanyi a wurin, kaya masu sauƙi na auduga, a yanke ma yaro farce, a bar ruwan zafi da sabulu mai ƙamshi na ɗan lokaci.

Abu ɗaya da nake roƙon mata musamman, a bar shan deksametazon da danginsa ba da ordinansi ba. Yana kwantar da ƙaiƙayi da sauri, shi yasa ake sonsa, amma in aka daɗe ana sha fuska ta kumbura, sukari ya hau, tansiyo ya hau, ƙashi ya yi rauni, kuma barinsa dare ɗaya bayan an daɗe a kai shima haɗari ne.

Daga nan sai neman sanadi, nan ne aikin yake. Alerjin abinci yawanci cikin minti kaɗan zuwa awa 2 yake bayyana, don haka duk sanda abin ya tashi ka rubuta a waya abin da kaci da abin da ka shafa da maganin da ka sha, bayan ya maimaita zaka fara ganin mai laifin. Magunguna suna cikin manyan masu tada alerji, penisilin da amoksisilin, sai Bactrim da Fansidar da suke dangi ɗaya, wanda ya sha ɗayansu ya ga ƙuraje da zazzaɓi da gyambo a baki ko ido ya daina nan take ya tafi asibiti, wannan mai tsanani ne. Amare kuma baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi, bayan wasu kwanaki sai kaga zanen ya tashi ya yi ruwa daidai inda aka zana. In atishawa ce da yoyon hanci duk hunturu in hazo ya sauko, a yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da bargo a rana, a rufe hanci da rawani ko takunkumi a kan moto, turaren wuta ma a rage in yana tada wa mutum. Kuma ba kowane ƙaiƙayi ne alerji ba. In gida duka ana susa, da dare ya fi tsanani, tsakanin yatsu da gindin cibiya, wannan ƙazuwa ce, maganinta daban kuma kowa a gidan sai yayi. Borin jinin da ya wuce sati 6 yana zuwa yana komawa sai ganin lokotoro.

Kalsiyom fa yana da amfaninsa a wurinsa. Babba yana buƙatar kusan miligiram 1000 a yini, kuma fura da nono, kindirmo, cuku, kwaɗon zogala, miyar kuka, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya duk suna bada shi. Mai ciki ana iya rubuta mata a wajen awo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar giram 1.5 zuwa 2 a yini inda abinci bai wadatar da kalsiyom ba, don rage haɗarin hawan jini na ciki da jijjiga. In an rubuta miki, ki raba shi, jiki ya fi ɗaukar miligiram 500 ko ƙasa da haka a lokaci guda, ki sha tare da abinci, kuma ki bar aƙalla awa 2 tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini don kalsiyom yana rage shigarta jiki. Haka yake yi ma magungunan kashe ƙwayoyin cuta doksisikilin da siprofuloksasin, yana riƙe su a hanji, ita sipro a sha ta awa 2 kafin kalsiyom ko awa 6 bayansa, maganin maƙoƙo kuwa a bar awa 4 tsakaninsu. Yawansa yana sa bushewar ciki da kumburin ciki, yana iya kawo tsakuwar ƙoda, mu da zafi ke busar damu ga ruwan pampo ba kullum ba, a sha ruwa sosai. Ƙwayar kalsiyom mai tafasowar nan yawanci akwai gishiri cikinta, mai tansiyo ya faɗa a farmasi.

Allurar jijiya kuwa aikin asibiti ce, ga wanda aka auna jininsa aka ga kalsiyom ya faɗi ko wata larura da lokotoro ya gani. In aka tura ta da sauri tana rikita bugun zuciya, in ta zube gefen jijiya tana ƙona naman wurin har ya zama gyambo, ga mai shan digoksin na zuciya haɗarin ya fi yawa, kuma ba'a haɗa ta da seftiriyakson, allurar kashe ƙwayoyin cuta, a jijiya, jarirai sun rasu ta haka. Duk wanda yazo gida da jakarsa yace zai yi ma ɗanka ita don borin jini, kace a'a.