Yadda ma'aikatan ƙaramin jirgin alfarma ke kula da matsin iska da ɗumin ciki

A tsayin ƙafa 40,000, idan matsin iskar cikin jirgi ya zube, daƙiƙa 15 zuwa 20 kawai matuƙi yake da su kafin hankalinsa ya gushe. Shi ya sa aikin tun a ƙasa yake farawa.

Da farko, kafin a tayar da inji, a duba tukunyar oksijin: a cike take, bawul ɗinta a buɗe yake? Kowane matuƙi ya gwada takunkuminsa na oksijin, ya ji iska tana fitowa. Makunnin matsi ya kasance a kan AUTO, wato mai sarrafa kansa, a kuma shigar da tsayin filin da za a sauka.

Na biyu, da an wuce ƙafa 10,000 ana hawa, wanda ba ya riƙe da tuƙi ya karanta ma'aunin tsayin ciki (wato tsayin da matsin iskar cikin jirgi ya yi daidai da shi) da na bambancin matsi tsakanin ciki da waje da babbar murya. A ƙa'ida, tsayin ciki ba ya wuce ƙafa 8,000.

Na uku shi ne ɗumi, kuma nan aka fi sakaci. Iskar da ake zuƙowa daga inji ita ke ɗumama jirgin, ita ce kuma ke ba shi matsi, alhali sanyin waje ya kai digiri 56 ƙasa da sifili. Ma'aikaciyar ciki ta riƙa juya makunnin ɗumi kaɗan-kaɗan. Amma in sanyi ya sauko farat ɗaya, ko kunnuwa suka toshe, ta ajiye farantin shayi ta sanar da matuƙa nan take.

Na huɗu, idan ƙararrawar matsi ta yi kuka, takunkumi tukuna, bincike daga baya. Sai a gangaro zuwa ƙafa 10,000, ko mafi ƙarancin tsayin da duwatsu suka bari, a sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage. A ranar 25 ga Oktoba 1999, jirgin Learjet 35 ɗauke da ɗan wasan golf Payne Stewart ya tashi daga Orlando a Amurka, matsin cikinsa ya zube, ya yi ta tafiya babu mai amsa rediyo har mai ya ƙare, ya faɗi a Dakota ta Kudu. Matuƙan soja da suka bi shi sun ga gilashinsa ya yi ƙanƙara. Duk mutum 6 sun rasu.

Bayan sauka, kada a taɓa ƙofa sai bambancin matsi ya koma sifili. A Janairun 2018, a Kittilä ta ƙasar Finland, ƙofar wani jirgin Gulfstream G150 mai sauran matsi ta fizge da ƙarfi, ta kashe kyaftin ɗin da ya buɗe ta.