Cutar siliyak a gidan Bahaushe: kurakuran da muka fi tafkawa

Shekara biyu muna yi wa 'yata maganin abin da ba shi ke damunta ba. Mai kemis ya ce tsutsar ciki ce, maƙwabciya ta ce taifod, surukata ta ce ɗankanoma, aka jiƙa sassaƙe. Yarinya 'yar shekara shida tana sa kayan 'yar shekara huɗu, ciki tim kamar an hura, ƙafafu kamar sillen kara, bayan gida mai maiƙo da wari. Ni kuwa kullum safe shayi da burodi, da rana taliya, wai don ta yi kumari. Ashe da hannuna nake ƙara mata ciwon.

Sunan cutar siliyak. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai sinadarin gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta juya ta afka wa ƙaramin hanjinsa. Cikin hanjin nan akwai 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotsar amfanin abinci. Cutar tana shafe su, sai mutum ya yi ta ci jiki bai gani ba. Ba a ɗaukar ta daga wani, tana bin jini ne, kuma har yau ba ta da ƙwaya ko allura. Maganinta barin gulutin har ƙarshen rayuwa.

Kuskuren farko shi ne cewa ciwon Turawa ne. Gaskiya a can aka fara gano ta: wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama, ya kuma lura yaran da yake dubawa sun samu sauƙi lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya. Amma ƙiyasi ya nuna kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita a duniya, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nan Afirka ne, cikin yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, inda binciken 1999 ya gano sama da biyar cikin ɗari. Mu kuma a Bauchi cin fulawa ya ninka na zamanin iyayenmu. Ku duba abin karin kumallon yara a unguwarku gobe da safe.

Kuma ba kowa ke zuwa da gudawa da rama ba. Wata mata ce da ƙarancin jini da ya ƙi jin maganin ƙarin jini shekara da shekaru. Wani kasala ce da kumburin ciki, ana ta ce masa olsa. Akwai mai gyambon baki da ke tafiya yana dawowa, mai ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, mai yawan ɓari, har da mai ƙiba. Wasu ma taurin bayan gida suke fama da shi.

Wanda ya fi ba ni haushi, domin ni ma na faɗa cikinsa, shi ne daina cin alkama kafin a yi gwaji. Na ji bayanin cutar, na ce ai ita ce, na kwashe burodi da taliya daga gidan. Cikin 'yan makonni yarinya ta fara walwala. Da muka je wurin likita da murnata, sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, kin ɓata mana sawu." Gwajin jinin da ake fara yi, wanda za ku ga an rubuta tTG-IgA a takarda, yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne. In an daina ci, faɗan ya lafa, sai gwaji ya fito tsaf alhali cutar na nan. Haka shi ma gwajin tabbatarwa, inda ake zura siririyar kyamara ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji a duba: in hanjin ya fara warkewa ba za a ga komai ba. Dole muka mayar da ita kan burodi na makonni, ina kallon cikin yana sake kumbura. Ba na yi wa wata uwa fatan wannan.

Gyaran mai sauƙi ne. In kuna zargi, kada ku canza abinci, ku fara ganin likita. Ku nemi a tura ku wurin likitan ciki da hanji, ko na yara in yaro ne. A nan garin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne inda ya kamata a dosa. Ku tambaya ko an haɗa da awon yawan IgA, wani sinadarin garkuwar jiki, gaba ɗaya, saboda wanda nasa ya yi ƙasa gwajin farko yana iya ɓoye cutarsa. Kuma ba duk wanda burodi ke ɓata wa ciki ne mai siliyak ba. Haramta wa kai alkama har abada kan zato ba ƙaramin abu ba ne.

To an tabbatar. Nan ne ake shiga kuskure na gaba, a ɗauka magana ta ƙare a burodi, taliya, makaroni da cincin. Su gurasa, fanke, funkaso, alkaki da dubulan kowa ya san na alkama ne. Amma semo fa? Mutane da yawa suna ganin sa fari sai su zaci ɗan'uwan garin masara ne, alhali alkama ce tsagwaronta. Kuskus na kwali haka. Lemon malta na kwalba da na gwangwani galibi akwai sha'ir a cikinsa, garin cakulan shayi ma a duba ko akwai maltin sha'ir a ciki. Dunƙulen miya da garin kayan ɗanɗano, kowane kamfani da haɗinsa, sai an karanta jikin leda. Wanda bai iya Turanci ba ya sa ɗan makaranta ya rubuta masa kalmomin alkama, sha'ir da malti a takarda, ya riƙa gwadawa da rubutun kwali.

Abin da ya fi yaudara kuwa namu ne na gargajiya da zamani ya sauya. Ɗanwaken kakanninmu garin wake ne da na rogo ko dawa, da kuka da kanwa. Na yanzu, musamman na sayarwa, galibi fulawa ce ta fi yawa. Masarmu ta Bauchi da muke tinƙaho da ita shinkafa ce, ba laifi, amma akwai masu barbaɗa fulawa ko semo a ƙullun in ya yi ruwa. Akwai masu turbuɗa awara ko kifi cikin fulawa kafin suya. In kin tambayi mai masa, "Akwai alkama a ciki?" za ta ce babu, kuma ba ƙarya ta yi ba a ganinta, don ita fulawa daban, alkama daban. Tambayar da ke aiki ita ce, "Inna, kina ƙara fulawa ko semo a ƙullun?" Ni sai da na zauna gaban tanda na ga yadda wata baiwar Allah ke haɗa nata tun daga jiƙo, sannan na amince da ita, kuma wurinta kaɗai muke saye.

Sai injin niƙa. Wata uku muna kiyaye komai amma ciki bai gama saɓewa ba. Ranar da na bi yaron aike da kaina, na tarar ana zazzage alkamar wata mata, aka juye dawarmu a kai ba tare da an ko kakkaɓe ba. Mizanin da duniya ta amince da shi kafin a kira abinci marar gulutin shi ne kada ya kai miligiram 20 a kilo guda, wato ragowar garin da ke maƙale a bakin inji ya isa ya ɓata tiya guda. Yanzu wurin mai injin da ba ya karɓar alkama muke kai wa, ko da ya fi nisa, markaɗe kuma a gida nake yi da ɗan injina. Haka man suya: kaskon da aka toya fanke aka jefa ƙosai, ƙosan ya tashi daga aiki. A ɗakin girki na ware mata rariya, muciya da madambaci, nata nake fara dafawa in rufe kafin in taɓa fulawa. Wuƙar da aka shafa wa burodi bota ba ta komawa cikin gwangwanin da take ci.

Mafi wuya ba girki ba ne, mutane ne. Gidan suna, goggonta ta miƙo mata alkaki. Na ce ba ta ci. "Haba, ɗan wannan? Ke dai kin cika tsirfa. Ci abinki 'yar nan, ai ba guba ba ne." Yarinya ta dube ni, na dubi ƙasa, don ƙin karɓar abin hannun babba ba tarbiyyarmu ba ce. Ta ci. Kwana uku muna hanyar banɗaki. Abin da ya raba gardama shi ne na roƙi maigidan ya tafi da Hajiyarsa ranar komawa asibiti, ta ji daga bakin likita. Tun daga ranar ita ce 'yar sandan abincin jikarta, ko ni ba ta ragawa. Kuma a sani, rashin jin ciwo bayan an ɗan taɓa ba ya nufin an tsira. Hanjin yana lalacewa ko mutum bai ji komai ba. Shi ya sa wanda ya murmure ya ce ya warke ya koma wa burodi yake tara wa kansa ƙarancin jini da raunin ƙashi a gaba.

Wasu kuma da zarar an faɗa musu sai su tayar da hankali, su fara neman biskit da garin ƙasar waje mai tsadar tsiya. Me ya yi zafi? Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, doya, dankali, wake, gyaɗa, duk babu gulutin. Acha da ake nomawa a kudancin jihar nan ta maye mana gurbin kuskus. Tuwon dawa da miyar kuka, fura, kunun tsamiya, alale, sinasir, faten wake, dambun shinkafa da zogale: zagaye ɗaya a kasuwar Muda Lawal ya ishe ki. Abin lura kawai, hatsin awo a tsince shi da kyau, don kwanon awo ɗaya ke shiga buhu-buhu. In madara na ɓata ciki a watannin farko kada a tsorata, yakan wuce idan hanji ya warke.

Akwai biyu da ake mantawa. Iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya na mai siliyak, kusan ɗaya cikin goma yana iya kasancewa da ita, don haka a gwada su ko da lafiyarsu ƙalau. Sannan masu ciwon suga irin na yara, wanda ake yi wa allurar insulin, sun fi saura haɗarin kamuwa, ga shi a wurinmu da an ce suga sai a ce a koma tuwon alkama. A tambayi likita tukuna.

Komawa asibiti ma ba ta ƙarewa ranar da aka faɗi sunan cutar. Ana sake awon jinin don a ga ko yana sauka, a duba ƙarfin jini, a auna tsawon yaro da nauyinsa. Yara sukan murmure da wuri, hanjin babba yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye. Tawa yanzu tana aji huɗu, da kwanonta take zuwa makaranta, kuma na yi magana da malamarsu kan rabon biskit ranar hutu. Sallar bana ƙannena biyu na sa a gaba sai sun je gwaji; ɗaya ya je, ɗayan har yanzu yana ce mini olsa ce.