Yadda za ka koya wa yaron shago injin juya katako a cikin tabarau kafin ya taɓa na gaske

Duk wanda ya daɗe a kafinta a nan Gombe ya san injin da muke juya katako mu fitar da ƙafar gado da ta tebur, ya kuma san injin nan ba shi da sabo. A shagon da na koyi aiki hannun rigar wani yaro ya taɓa naɗewa a jikin katako yana juyawa, kafin a kai ga makunni ya riga ya fizgo shi, Allah ya taƙaita abin ya tsaya a karaya, amma wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Shi ya sa da ƙanina ya kawo min tabarau ɗin nan na VR, wanda in ka sa sai ka gan ka tsaye gaban inji a cikin shagon da kwamfuta ta zana, ban ɗauke shi abin wasan yara ba.

Namu Meta Quest 2 ne, wanda ya fito a 2020, ba ya buƙatar a jona shi da kwamfuta, batirinsa kuma wajen awa 2 yake yi, to a cika shi tun da dare. Ka share fili kamar mita 2 kowane ɓangare, ka kwashe zarto da guntayen katako masu ƙusa, sannan ka shata iyakar a cikin tabarau ɗin don in yaro ya kusa bango ya ga alama. Kar ka bar gilashin ciki ya kalli rana ko na ɗan lokaci, ƙona allon take yi. Ka haɗa shi da wayarka yadda duk abin da yaron ke gani kai ma kana gani, in ba haka ba hannu kawai zai yi ta kaɗawa a iska ba ka san me yake koya ba. Minti 10 zuwa 15 ya isa a karon farko, wasu jiri ke ɗibarsu, da ya ce kansa na juyawa a cire ya zauna.

To ga inda aikin yake. Kar ka bar shi ya fara da sassaƙa ko da ya matsa, jerin abin da ake yi kafin a kunna inji shi za ka sa ya yi ta maimaitawa har ya zama jiki. Ya duba katakon ko da tsagewa ko ƙulli, ya ɗaure shi tamau ta kai biyun, ya matso da ƙarfen da ake ɗora kurfi kusa da katakon kamar milimita 3, ya juya katakon da hannu zagaye ɗaya cur ya ga bai bugi komai ba, ya zare makullin ɗauri, ya mayar da gudu na ƙasa, ya kauce gefe, sannan ya kunna. Kaucewar nan ina nanata ta sosai, don in katako zai kuɓuce, kan wanda ke tsaye saitinsa yake zuwa. A cikin tabarau sai na bar yaro ya yi kuskuren da gangan, katakon ya taso masa a fuska ya zabura ya ja baya, ba jini ba asibiti, amma daga ranar ba na sake gaya masa ya kauce.

Lissafin gudu ma a nan ya kamata ya haddace shi. Kaurin katako a inci in ka ninka shi da juyin da injin ke yi a minti ɗaya, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000, wato mai inci 10 kar ya wuce juyi 900, in kuma bai gama zama zagayayye ba a fara ƙasa da haka.

Sai dai fa tabarau ba ya koyar da hannu. Abin da ake riƙewa a hannu in an sa tabarau ɗin ɗan kakkarwa kawai yake yi, ba ya ture ka yadda kirya ko maɗaci ke ture kurfi, ba ƙura ba zafin ƙarfe. Don haka ranar da ya yi jerin nan sau 10 a jere babu kuskure, ranar nake kai shi gaban inji na gaske a kashe ya sake yi ina tsaye, sannan in ba shi guntun malaina mai laushi. Kurfi ya fara zama a kan ƙarfen kafin bakinsa ya taɓa katako, lokacin goga sanfefa kuma a cire ƙarfen gaba ɗaya kar ya matse yatsa.

Kaya kuma ko a cikin tabarau da na aiki nake sa su shiga, riga mai gajeren hannu, ba jallabiya ba zobe ba carbi a wuya, safar hannu ma haramun ce a injin nan don ita ce ke fara kamawa ta ja hannun. Garkuwar fuska da takunkumi kuwa dole ne a na gaske.

Abu ɗaya da ban gani a manhajar da muke amfani da ita ba shi ne ɗaukewar wuta, ni na ƙara shi da baki. Yaro na tsakiyar aiki sai in ce an ɗauke, nan take ya janye kurfi ya kashe makunni, saboda yawancin injinanmu tsofaffi ne, in aka dawo da wuta ko aka tada janareto da kansu suke tashi, wataƙila lokacin hannun wani na kan katakon yana aunawa.