Yadda ake gina wasan almarar kimiyya a kan ƙyamar addini a asibiti

Marubucin da zai tsara wasan talabijin a kan asibitin da ke nuna wa majinyata bambanci saboda aƙidarsu yana da matsala tun kafin ya ɗora biro a takarda. Duk addinin da ya kira da suna, masu kallo za su saki labarin su koma lissafin wa aka zaga. A nan almarar kimiyya ke da amfani: ka ɗauke Katsina ka kai ta shekarar 2085, ka bar hasumiyar Gobarau da Ƙofar Soro inda suke domin mai kallo ya san gida ne, sannan ka ƙirƙiro jama'ar da babu ita a yau. Mai kallo ba ya kare kowa, don haka zai iya ganin zaluncin da idonsa.

Fara da jama'ar, kuma ka ba ta lokaci fiye da komai. Abu uku ya kamata ka rubuta wa kanka a shafi guda kafin fitowa ta farko: abin da suka yi imani da shi game da jiki, abin da wannan imanin ya hana su a gadon asibiti, da abin da aka taɓa yi musu har suka daina yarda da likita. Misali, a garin da kowa ke ɗauke da ƙwayar na'ura a ƙarƙashin fata wadda ke riƙe tarihin lafiyarsa, su sun ce jiki amana ne, ba a dasa masa abin da ke kai rahoto. Kada ka aro musu alwala, ko jere sahu, ko gicciye, ko tsafin gargajiya. Da zarar ka yi haka, mai kallo a Malumfashi ko Ƙafur zai ce da Hausawa Kirista ake, wani ya ce da Maguzawa, wani kuma ya ce da ɗarikarsa. Ƙirƙiro musu gaisuwarsu, da yadda suke ɗaura zare a wuyan hannun jariri, da abin da suke faɗa in an yi rashi. Ka sa masu saɓani a cikinsu: dattijo mai tsauri, matashiya mai shakka, ɗan kasuwar da ya dasa ƙwayar a ɓoye.

Abu na uku, tsohon rauni, shi ne yawancin marubuta ke tsallakewa, alhali tarihinmu ya nuna yadda yake aiki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, wannan gwajin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Wanda ya ƙi magani sau da yawa yana da abin da yake tunawa. In jama'arka ba su da irin wannan tarihi, za su fito a matsayin jahilai masu taurin kai, ka kuma ƙare kana koyar da ƙyamar da ka fito yaƙa.

Sai ka raba rigima biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai majinyacin da ya ƙi magani saboda imaninsa, akwai kuma asibitin da ya hana shi magani saboda imaninsa. Ta farko tambaya ce ta 'yanci, ta biyu zalunci ce tsagwaronta. Dokar Nijeriya ta ba ka ƙasa mai ƙarfi da za ka taka a duka biyun. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin ƙarin jini saboda addininsa. A 2019, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta ce in jariri ne, kotu na iya ba da umarnin a ƙara masa jini ko iyaye sun ƙi. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini. Yanke shawara: a 2085 ɗinka waɗannan dokoki suna nan ana zagaye su, ko an soke su? Na farko ya fi ba da wasa mai daɗi, domin kowa a asibitin zai rantse bai karya doka ba.

Ga inda ya fi dacewa ka ɓoye wariyar: a cikin na'urar da ke jera layi. Mugun likita mai zare ido yana faɗin "ba na duba irinku" kashi ɗaya kawai zai ɗauke ka, daga nan ya gundura. Amma na'urar da ba ta taɓa tambayar addinin kowa ba, tana dai ba da maki bisa yawan zuwan mutum asibiti a baya, da kuɗin da aka kashe a kansa, da cikar fayil ɗinsa, ita za ta tura jama'arka ƙarshen layi kullum, tunda fayil ɗinsu fanko ne. Irin wannan ya faru. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna wata manhajar asibitoci a Amurka tana auna tsananin ciwo da kuɗin da aka kashe wa mutum, sai ta riƙa rage wa baƙaƙen fata maki alhali sun fi jin jiki. Rubuta ƙa'idar na'urarka a layi biyar, ka manna a bango, kada ka saɓa mata a kowane kashi. Mai kallo ya kamata ya gano dabarar kafin jarumar ta gano, wajen kashi na uku cikin goma sha uku.

Kashi na minti 45 yana cin shafi kusan 45, shafi ɗaya minti ɗaya. Ka shigo da mara lafiya cikin minti biyar na farko, kuma ka ɗaura masa agogo. Zubar jini bayan haihuwa ya fi komai dacewa, domin duk gidan da ke kallo ya san shi: in jinin ya haura mililita 500 an shiga haɗari, kuma mace na iya tafiya cikin sa'o'i kaɗan. Daga nan kowace fitowa ta cinye wani abu daga lokacin. Maganar da ke tsakanin nas da dattijon da ya kawo matar a bakin tagar yankar kati ta zama gajera, irin wadda ake ji:

"Baba, allon bai nuna sunanta ba."
"'Yata, jini take zubarwa tun la'asar."
"Na gani, Baba. Wallahi ba ni ke jera layin ba."

Wannan nas ɗin ita ce zuciyar wasan. Ba muguwa ba ce, tana da aikin da take tsoron rasawa da ƙannen da take biya wa makaranta. Kada ka ba ta dogon jawabi a kan daidaito. Ka ba ta zaɓi mai tsada: ta shigar da matar da lambar wata majinyaciya, ta san in rukunin jininsu ya bambanta za ta iya kashe ta.

Abin da ke zubar da mutuncin irin wannan wasa da sauri shi ne kuskuren aikin asibiti, kuma Katsina cike take da ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Tarayya da na asibitin Turai 'Yar'aduwa da za su gane shi nan take. Leda ɗaya ta jini kusan mililita 450 ake ɗiba daga mai bayarwa. Ana ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 6, ba a daskarar da ita. Ba a juye ta cikin minti biyu sai in ana ceton wanda jini ke ƙare wa. A ƙa'ida tana ɗaukar sa'a biyu zuwa huɗu, kuma nas na tsayawa a kan majinyaci minti 15 na farko saboda a nan alamun rashin dacewa ke fara fitowa: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon baya. In babu lokacin gwajin dacewa, rukunin O mai alamar ragi ake ba da shi. In layin bugun zuciya ya miƙe sak a allo, ba a jona wa mutum lantarki a ƙirji. Danna ƙirji ake yi, sau 100 zuwa 120 a minti. Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin tana nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya, kuma an tabbatar takan nuna adadi sama da na gaskiya a kan baƙar fata, abin da shi kansa ya isa a gina kashi guda a kai. Ka ba nas ko ungozoma mai aiki rubutun ta karanta, ka kuma biya ta ta zo ranar ɗaukar fitowar tiyata.

Wajen ɗauka, kada ka yi amfani da sunan asibitin gaske ko tambarinsa, kuma kada majinyacin gaske ya shiga hoto. Aji biyu na makaranta a lokacin hutu, da farin fenti da labule, sun wadatar. Fitilu da allunan kwamfuta kan yi rawa a hoto saboda wutar Nijeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa. Saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, tsawon lokacin buɗewar idon kyamarar kuma ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, rawar za ta ragu ko ta ɓace. Allon na'urar jera layi a bar shi kore da ɗigo huɗu a kusurwoyi, edita ya ɗora rubutun daga baya, kuma rubutun ya zama da Hausa, tunda a kansa labarin ke tafiya. Jinin leda ja ne mai duhu. Zoɓo zalla ya cika ruwa kuma yana kumfa, sai an dama shi da ɗan sitaci an ƙara garin koko kaɗan. Zuma na ba da kauri mai kyau amma tana tara ƙuda. Janareta a kai shi nesa da dogon waya, domin fitowar asibiti shiru take so. Hotunan waje a bari sai Disamba ko Janairu: hazon hunturu a kan ganuwa da sassafe yana ba da kamar wani zamani ba tare da an kashe ko sisi a kwamfuta ba.

Kafin a haska, rubutun ya bi ta hannun malami da fasto, kowanne shi kaɗai, da tambaya ɗaya: ka ga mutanenka a cikin jama'ar nan? In ɗayansu ya ce e kai tsaye, koma ka canja alamar da ta ja hankalinsa. Dokokin Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin sun hana shirin da ke muzanta wani addini, fim kuma sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa kafin a sake shi kasuwa, don haka gyara a takarda ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sake kiran 'yan wasa lokeshan. Ka ajiye kwafin rubutun da aka amince da shi, mai kwanan wata da sa hannu, tare da jerin duk abin da aka canja da dalilin canjawar.